Dutsen da Ba-Yoyo Ya Toshe wa Baki

Ni aski nake yi, kuma shagona yana daidai bakin ƙofar gidan hayar da muke zaune, don haka babu abin da zai shiga gidan nan ko ya fita ban gan shi ta madubi ba. Ta madubin na hango maƙwabcina mai gyaran famfo yana turo baro, an loda masa tsofaffin jaridu da wayar keji da wata ƙatuwar jarka shuɗiya. Na ɗaga almakashi daga kan mutumin da nake yi wa aski, na ce a raina, yau kuma wa tsautsayi ya faɗa wa?

Ba-Yoyo ake kiransa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. In za a yi masa adalci bai yi ƙarya ba, domin duk famfon da ya gyara ba ya ƙara yoyo. Abin da ba ya faɗa shi ne ba ya ƙara kawo ruwa ma. Nawa na shago, tun ranar da ya taɓa shi nake jigilar bokiti daga tsakar gida. Mutum ne da in ya ga huda, ko ta mece ce, sai jikinsa ya hau tsuma har sai ya toshe ta. Ya taɓa liƙe 'yar hudar murfin butar shayin matarsa da gam, wai tururi yana tafiya a banza.

Asalin maganar ba tasa ba ce, ta Auta ce, ƙaramar 'yarsa. Yarinya ce mai kunya, irin wadda in ka gaishe ta sai ta amsa wa yatsun ƙafarta. Malamarsu ta zaɓe ta ta nuna wa 'yan aji yadda dutse mai aman wuta yake yi, kuma ba a taɓa zaɓen ta a wani abu ba sai wannan karon. Ita da mamanta suka gina shi. Suka kafa 'yar gorar roba a tsakiyar faranti, suka kewaye ta da jarida da kwaɓin fulawa, suka shafa fenti ruwan ƙasa, aka ajiye a taga ya bushe. Duk tsayinsa bai kai kamu ɗaya ba. In ta dawo makaranta sai ta leƙo shagona, in ta ga babu kowa ta tsaya gaban madubi tana gwada abin da za ta faɗa ranar Litinin.

"A yi shi a fili, ba a ɗaki ba," take ce wa madubin, murya can ƙasa. "A sa tabarau. 'Yan kallo su ja baya. A zuba sodar girki da sabulun ruwa da jar kala, sannan a zuba ruwan khal mai tsami, a matsa. Kuma kada a rufe bakin gorar, ko kusa."

"Ɗaga murya, Auta," na ce mata. "Madubin ma bai ji ki ba."

Ta yi dariya ta gudu. Wallahi ina son yarinyar nan kamar tawa, kuma na ƙagu in ga ranar ta zo mata da kyau.

Ranar da babanta ya lura da abin da ke taga, ina tsakar gida da bokitina.

"Mene ne wannan?" ya tambaya.

"Dutsena ne, Baba. Mai aman wuta."

"Dutse? Wannan ai ƙurji ne! Maman Auta, kina cikin gidan nan za a ce 'yar Ba-Yoyo ta kai ƙurji makaranta? Ni da na ja ruwa har saman bene?"

"Bututu dai ka ja," na ce. "Ruwan har yau ana jira."

"Kai mai aski, tsaya a kan gashi."

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Baban Auta, aikin yarinya ne. Ka bar mata abinta."

"Na bar mata. Nawa zan gina, ta ga yadda manya ke yi. Lahadi da yamma duk gidan nan za a ga dutse. Litinin kuma a baro za a kai shi makaranta, Malama ta gani ta ƙaru."

"Amma nawa Malama ta ce in kawo," in ji Auta, ido ya ciko.

"Za ki kai duka biyu, uba da ɗa."

A falo ya fara ginin. Matarsa ta ce ya fita waje, ya ce sirrin aiki ba a baje shi a gaban masu aski. Ya tura kujeru bango, ya girke jarkar a tsakiya, ya lanƙwasa wayar keji ya kewaye ta, ya juye fulawar gidan kaf a bahon wanki ya dama. Kana wucewa ta ƙofar sai ka ji yana waƙa yana liƙa jarida. Da ya gama, dutsen ya kai masa ƙirji, gindinsa kuma ya fi tabarma faɗi. Sai a lokacin ya kalli dutsen, ya kalli ƙofa.

"Ƙofar nan an yi ta ba daidai ba," ya ce.

"Shekara nawa kana shiga ta cikinta?" in ji matarsa.

"Ni mutum ne, wannan dutse ne. Kira mini mai aski."

Muka ɗauka ni da shi, muka karkata ta dama, ya ƙi. Muka karkata ta hagu, ƙwan lantarki ya fashe. Daga ƙarshe ya ɗauko sukudireba ya kwance ƙyauren ɗungurungum, muka matse dutsen ya fita da kunne ɗaya a goge. Da ya zo mayar da ƙyauren, sukurori biyu suka ce ba su san zancen ba, don sun nutse a cikin ɗanyen kwaɓin dutsen. Haka aka jingina ƙyauren a bango aka rataya labule.

Aka bar dutsen a tsakar gida ya sha rana. Ba wanda ya tuna da akuyar Mai Shago, mai sayar da kayan masarufi a layinmu, akuyar da ba ta da sana'a sai yawo a gidanmu. Ita kuwa ta ji ƙamshin fulawa. Kafin Ba-Yoyo ya dawo daga sayo fenti ta cinye gefe guda har wayar ta bayyana, tana tsaye tana tauna shafin wasanni.

"Mai Shago! Zo ka ga ɓarnar dabbarka!"

Mai Shago ya zo ya duba, ya kama haɓa. "To ai abinci ka ajiye mata a hanya. Ni tsorona kada tawadar ta ɓata mata ciki."

"Wannan kimiyya ce!"

"To ta ƙoshi da kimiyya."

Gwaggo, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, tana kan kujerarta tana kallo. Ta ce, "Ɗan nan, wai kabarin wa kake ginawa a tsakar gida?"

"Dutse ne, Gwaggo. Wuta zai yi amai."

"Wuta? Kusa da shanyata?"

"Ba wutar gaske ba ce, kumfa ce."

"To kumfa ma sai an tara jama'a? Zo ka ga tawa a bahon wanki."

Ya toshe ramin akuya da buhun siminti da tef, ya shafe da fenti. Daga nan ya shiga haɗa jar kala. Auta ta ce ɗigo kaɗan ake sawa, ya ce ɗigo na ƙurji ne, ya juye kwalabe ya dama da hannu. Hannun ya rine har gwiwa, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Ya je gyara a wani gida a haka, matar gidan ta buɗe ƙofa ta ga mutum da jajayen hannuwa riƙe da sifana, ta kurma ihu ta danna sakata. Ya dawo yana cewa mutane ba su san darajar ƙwararre ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kayan haɗin. Ya kwashe duk sodar girki da ruwan khal da ke shagon Mai Shago, bai ishe shi ba, ya miƙa hannu kan kantar gidansa ya haɗa da 'yan na Auta da ta ajiye don Litinin. Ta zo shagona ta tsaya gaban madubi, amma ranar ba ta gwada jawabinta ba, ta juya ta fita. Na yi niyyar in je in wanke shi tas, sai mamanta ta girgiza mini kai daga nesa, alamar in bari.

Lahadi da yamma tsakar gida ta cika. Ba-Yoyo ya bi ɗaki ɗaki ya gayyato mutane, har da na maƙwabta. Ya fito da wankakkiyar rigarsa fara, wadda yake zuwa neman kwangila da ita. A ƙoƙon dutsen kuwa, inda kowa ke tsammanin ganin buɗaɗɗen baki, sai ga guntun bututu da sabon kan famfo yana ƙyalli. Ya ɗauko farantin Auta daga taga ya ajiye a gindin nasa.

"Ga uba, ga ɗa," ya ce. "Kowa ya kwatanta."

"Baba, kada ya ɓaci," in ji Auta.

"A hannuna? Ko ɗigo ba zai taɓa shi ba."

Maman Auta ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki alli ta ja layi can nesa, kusa da bakin ƙofa, ta ce duk wanda bai kai ya yi gemu ba ya koma bayan layin, masu gemun ma in suna da hankali su bi su. Muka bi su. Gwaggo ta sa aka janye mata kujera, aka kwashe shanya. Auta ta sa tabaran roba da Malama ta ba ta, ta je ta miƙa wa babanta na biyun, wanda aka ce na babban da zai taimaka ne.

"Ni? Idon nan ya ga fashewar bututun da ya fi cinyata kauri bai ƙifta ba."

Auta ba ta janye ba. Ta tsaya da hannu a miƙe tana kallon ƙasa, har abin ya yi masa nauyi. Ya karɓa ya maƙala yana gunaguni, wai don kada a ce ya ƙi 'yarsa a gaban mutane.

Ya kwance bututun, ya ɗura ruwan khal da sabulu da jar kala a jarkar ta mazurari. Ya ƙunshe sodar a takarda mai laushi ya jefa ciki. Sai muka ga ya mayar da murfin da sauri, ya ɗaure tamau, ya zaro farin tef ɗinsa na bakin bututu ya hau naɗawa, ya bi da gam.

"Baba! Malama ta ce kada a rufe baki!"

Karon farko ke nan da na ji muryar Auta ta kai ƙarshen tsakar gida.

"Malama ta san alli, ni na san bututu," ya ce. "In na bar shi a buɗe zai zube kafin in gama jawabi. Dutsena ba ya amai sai na ba shi izini. In na murɗa famfo ya yi, in na rufe ya tsaya."

"Baban Auta, ka buɗe abin nan," in ji matarsa.

"Mace, ki bar ni da aikina."

Ya gyara tsayuwa, ya buɗe jajayen hannuwa. Ya fara da yadda tun yana yaro ake cewa kansa ya yi wa makaranta yawa. Ya gangaro kan otal ɗin da ya yi wa aikin ruwa, bai dai faɗi cewa baƙin sun koma wanka da buta ba. Yana cikin labarin wani babban injiniya da ya taɓa neman shawararsa, sai dutsen ya yi wata ƙara daga ciki, irin ta cikin da ya sha wake.

"Ɗan nan, kabarin yana magana," in ji Gwaggo.

"Gaisuwa yake yi. Jama'a, ku buɗe ido! Bismillah!"

Ya murɗa famfon. Shiru. Ya ƙara murɗawa har ƙarshe. Ko ɗigo.

Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba don dariya. "Aikinsa ne!" na ce. "Na rantse aikinsa ne, irin nawa sak!"

"Nawa ma haka yake yi!" in ji wani daga baya.

"Iska ce ta shiga layin," in ji Ba-Yoyo, gumi na tsattsafo masa. Gam ɗin da ya malala ne ya toshe bututun, amma ina zai yarda. Ya ɗauko sifana ya ƙwanƙwasa. Ya kara kunne. Da ya ga ba amsa sai ya rungumi dutsen ya jijjiga shi, kamar yadda yake yi wa tankin da ya ƙi.

Nan take dariya ta ɗauke. Dutsen ya fara kumbura. Fenti ya tsage daga sama har ƙasa, facin da aka yi wa ramin akuya ya ɓalle, muka hango jarkar a ciki ta yi tumbi. Mai Shago ya ranta a na kare, ya bar takalmi ɗaya. Gwaggo da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa ko'ina, sai ganinta muka yi a ƙofar ɗakinta. Ba-Yoyo ma ya yar da sifana ya juya, ya ɗaga ƙafa zai arce.

"Baba, dutsena!"

Auta ta yunƙura za ta tsallake layin, mamanta ta cafke ta ta rungume. Babban dutsen ya karkato daidai kan farantin. Na ga Ba-Yoyo ya tsaya cak, ƙafa ɗaya na son ƙofa. Ya waiga ya kalli 'yarsa. Sai ya koma da gudu, ya durƙusa ya kife a kan farantin, ya ba wa dutsensa baya.

Fau! Murfin ya ɓalle. Bututun da kan famfon suka yi sama suka sauka a kan kwano da ƙara, suka gangara bayan gida. Jar kumfa ta yi tsiri ta dawo ta sauka a kansa, gefen dutsen ya rufto masa da jiƙaƙƙiyar jarida. Kumfa ta ci gaba da bulbulowa tana bin wuyansa, tana shiga aljihunsa, tana malala har ta tsaya ɗan nesa da layin alli. Duk gidan ya ɗauki warin tsami.

Can sai tarin jaridun ya motsa. Ba-Yoyo ya miƙe a hankali, farar riga ta koma ja, rabin shafi a manne a ƙeyarsa, kumfa ta rufe tabaran ruf. Ya ɗaga faranti sama da hannu biyu. Ɗan dutsen Auta yana nan lafiya lau, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

"Na faɗa muku," ya ce, yana tofar da kumfa. "A hannuna ba ya ɓaci."

Dariyar da aka yi ranar har masu wucewa a titi sai da suka leƙo. Matarsa ta zo ta cire masa tabaran, ta duba idanun ta ga lafiya, ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta juye masa bokitina a ka.

"Ka gode wa 'yarka," ta ce. "Da yanzu muna hanyar asibiti."

"Gwaji ne na yi. Duk babban aiki sai an gwada ƙarfin jarka."

"Ta faɗi jarabawar ko ta ci?" na tambaya.

"Kai dai tsaya a kan gashi."

Auta ta karɓi farantinta ta rungume, amma fuskarta ba ta saki ba. Ta kalli kwalaben da ke yashe babu komai ciki, ta kalli Mai Shago da ya dawo neman takalminsa.

"Ko cokali ɗaya bai rage ba," in ji shi. "Babanki ya share kanta, kuma kaya ba za su zo ba sai tsakiyar mako."

Ba-Yoyo ya sunkuya ya hau tattara kwalaben. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya ji kunya ba sai ranar, kuma na ji tausayinsa har raina. Maman Auta ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin da take ajiye zare da allura. Ta buɗe, sai ga ƙullin soda da 'yar kwalbar ruwan khal da ɗan jar kala.

"Tun ranar da na ga baro na ɓoye," ta ce. "Zai isa sau biyu. Yau ki gwada a gabanmu, gobe ki yi a gaban Malama."

Aka share wuri a tsakiyar fili, aka ajiye farantin. Auta ta gyara tabaranta, ta sa babanta ya mayar da nasa, ta ba shi aikin riƙe gefen faranti. Ta kalli jama'ar nan da a da ko gaisuwarsu ba ta iya amsawa. Ni na san me za ta faɗa, na ji shi sau ba adadi, amma ban taɓa jin sa da wannan muryar ba.

"A yi shi a fili! A sa tabarau! 'Yan kallo su ja baya!" Ta ɗan saci kallon babanta. "Kuma kada a rufe baki, ko kusa."

"Mun shaida!" in ji Gwaggo daga ƙofa.

Ta zuba soda, ta ɗiga sabulu da kala, ta tsiyaya ruwan khal ta matsa. Ɗan dutsen ya yi shuu, jar kumfa ta taso ta bakinsa ta gangaro ta kowane gefe, a hankali, gwanin sha'awa. Yara suka hau tsalle suna tafi. Ni kuwa Ba-Yoyo nake kallo. Ga huda a gabansa tana zuba, idonsa ya kafe a kanta, babban yatsansa ya saki faranti ya fara tafiya da kansa.

"Baba," in ji Auta. "Bar shi ya yi yoyo."

Ya kalli yatsan kamar ba nasa ba. Ya janye hannuwan duka biyu ya cusa su a hammata ya matse, ya zauna yana kallon kumfa tana zuba har ta ƙare. Da aka gama tafi ya miƙe, jarida na faɗowa daga bayansa, ya nuna ta da haɓa don hannun ba ya samuwa.

"Kun gani? Jinina ce. A wurina ta gado."

"To alhamdulillahi," na ce. "Auta, in kin dawo makaranta gobe, don Allah ki biyo ta shago ki duba mini famfona."